Tiyon da Ya Lalata Mini Giyar Zoɓo Lita 20

Har yanzu idan na bi ta bayan kicin na ga ƙusar da nake rataye tiyon nan, sai raina ya ɓaci. A watan Oktoban bara na haɗa giyar zoɓo lita 20 a gidana da ke Jos domin Kirsimeti, da sukari kilo 5, kuma komai ya tafi daidai har kumfa ta kwanta, guggubin yis ya taru a gindin jarka.

Ranar juye giyar daga kan guggubin na wanke sabuwar jarkar da ruwan hodar metabisalfait, wato sinadarin kashe ƙwayoyin da ke lalata giya, na wanke murfi, na wanke hannuwana har gwiwar hannu, amma tiyon da giyar za ta bi ta cikinsa ɗauraye shi kawai na yi da ruwan famfo, saboda a ido tsaf yake. Na kuma zuƙo giyar da baki, sannan na bar jarkar da saura kusan lita 3 ta cika. Bayan mako uku na tarar da wata yana tana yawo a sama, warin ruwan khal kuwa tun kafin in gama buɗe murfin ya doki hancina.

Da na tsaga tiyon da reza, sai ga baƙin yauƙi manne a daidai lanƙwasar da ruwa ke kwanciya idan an rataye shi a jiƙe. Ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da barasa ruwan khal, waɗanda masanin kimiyyar nan na Faransa Louis Pasteur ya yi bayaninsu tun a shekarun 1860, iska suke buƙata, ni kuwa na shigar da su ta tiyo, na kuma bar musu iskar a saman jarka. Giyar da ta yi tsami irin wannan ba ta dawowa.

Yanzu tiyo mai garai-garai nake saya domin in ga cikinsa. Nakan cika shi da ruwan metabisalfait, in toshe bakinsa da babban yatsa, in tsoma ɗaya bakin cikin giyar, in bar ruwan farko ya zube a kwano, sannan in kai bakin har gindin jarkar da ke ƙasa don kada giyar ta fantsama. Nakan sa ƙwayar Campden (metabisalfait ne da aka dunƙule kamar ƙwayar magani) ɗaya a kowace lita 4.5, in cika jarka har wuya. Tsohon tiyon na jefar, ruwan khal ɗin kuma uwargida tana ta goge tayil da shi.