Rubuta wa yara shirin talabijin, daga bakin mai yi

Duk wanda ya ji cewa aikina rubutawa da shirya shirin yara ne a gidan talabijin, sai ya ce, "Ai ke kin huta, wasa kike yi ana biyan ki." Ba na musu. Amma na zauna a sashen labarai kafin a dawo da ni sashen shirye-shirye, na san inda gumi ya fi zuba. Babba zai daure ya kalli shiri marar daɗi saboda kara. Ɗan shekara 5 kuwa ba ruwansa da kara, da ya gaji zai miƙe ya bi kaza.

Shirin da na gada, yara ne jere a kan benci sanye da kayan Sallah, Anti tana tambaya suna amsawa da abin da aka haddatar da su. Iyayen waɗanda aka nuna ne kaɗai ke kallo. Ni kuma na tashi da kallon shirin tatsuniyoyi na Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984, ga tatsuniyar kakarmu da dare, don haka na san yaro zai iya yin rabin awa bai motsa ba in labari ya kama shi.

Dabarar da ta gyara mini aiki aro na yi. Kafin a fara nuna shirin yara na Sesame Street a Amurka a 1969, mai bincikensu Edward Palmer yakan zaunar da yara gaban talabijin, ya ajiye wani allo a gefe da ke canza hoto bayan 'yan daƙiƙoƙi, yana lura da inda idonsu ya karkata. A gwajin nan suka gano cewa da zarar mutane zalla suka rage a fage sai yara su kau da kai, shi ya sa suka haɗa 'yan tsana da mutane wuri guda. Ni ba ni da irin allonsu. Tabarma nake shimfiɗawa a wata firamare, in kunna shirin, in ajiye ƙwallo da gwangwanaye a gefe, sannan in zauna ina fuskantar yaran, talabijin tana bayana.

Ba a daɗe ba na ga abin da nake nema. Duk inda babba ya gyara murya zai yi nasiha, hannu ya kai kan ƙwallo. Da waƙa ta tashi, ko wani yaro ya yi magana, ko an kusa kama Gizo, sai ido ya dawo. Kuma na daina tambayar "Kun ji daɗi?" domin amsar ɗaya ce, "Eeee Anti!" Washegari nake komawa in ce su ba ni labarin jiya. Abin da suka maimaita ya shiga, abin da suka tsallake ni kaɗai na ji shi.

A nan na ƙara girmama tatsuniya. "Ga ta nan ga ta nanku" ba ta cika sai an amsa "Ta zo mu ji ta", wato tun daga bakin ƙofa mai sauraro yana da aikin yi. Waƙar ciki tana dawowa har yaro ya riga mai labarin rerawa. Sau da yawa ma yaro ya san ramin da Kura za ta faɗa alhali ita ba ta sani ba, kuma babu abin da ke riƙe shi kamar wannan. Yanzu ko shirin ƙirga nake rubutawa, sai na bar gurbin da zai amsa daga gida, in sa mai gabatarwa ta yi shiru ta jira shi. Edita yakan so yanke shirun, ni kuma ina hanawa.

Rigimata da manya ce. Wata ƙungiya ta taɓa ɗaukar nauyin zango guda na shirin, ta kawo takarda mai saƙo biyar: wanke hannu, gidan sauro, rigakafi, karatun 'ya mace, zaman lafiya, duk a shirin minti 25. Shugaban sashenmu ya ce, "Malama, su ke biya, ki zuba musu." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni saƙo ɗaya kowane mako, in bai shiga ba a karɓe shirin." Na rubuta Gizo ya je gidan biki, zari ya hana shi tsayawa wanke hannu, ciki ya murɗa, ranar walimar gidan sarki yana kwance yana juyi Ƙoƙi ta tafi ita kaɗai ta dawo tana sakace. Babu wanda ya fito a ƙarshe ya ce "to yara, me muka koya?" Da na koma makarantar, na tarar suna tsokanar duk wanda ya nufi kwano ba wanki da sunan Gizo. Ko Sesame Square, wato Sesame Street na Najeriya da aka fara a NTA a 2011, ba laccar lafiya ce ta sa yara suka riƙe shi ba, 'yan tsanar shirin ne, Zobi mai son doya da ƙawarsa Kami.

Aikin furodusa kuma rabinsa ba a sutudiyo yake ba. Sai ka bi gida gida neman yardar iyaye, ka nemo lokaci tsakanin boko da islamiyya, ka tanadi abinci da kuɗin mota. Fitilun ɗauka suna da zafi, fanka kuma ƙararta na shiga makirufo, ga janareto, don haka kafin yara su shigo komai ya zama a shirye. Yaro ɗauka ta farko ko ta biyu yake ba da mafi kyawunsa, daga nan sai ya koma karatun hadda. Ba na ba su takarda. Nakan ce, "Ka ga, an cinye maka ƙosai, me za ka ce masa?" Abin da ke fitowa bakinsu ya fi nawa rubutun.

Akwai abin da ba na sassautawa a ɗakin tacewa. Yaron da ya yi kuka, ko ya yi in'ina, ko ya kasa amsa, ba ya fita a iska, ko da kuwa wurin ne ya fi ban dariya. Gobe zai shiga aji, kuma yanzu guntun bidiyo yana yawo a Facebook da TikTok shekara da shekaru.

Waya ta canza mana lissafi. Yaran da nake gwaji da su yau a wayar iyayensu mata suke kallo, ba sa jiran ƙarfe biyar na yamma. Saboda haka kowane shiri ina rubuta shi ne gaɓa gaɓa, kowace gaɓa minti uku zuwa huɗu mai tsayuwa da ƙafarta, yadda za a iya tura ta a WhatsApp ba tare da ta cinye data ba. Zangon da muke ɗauka yanzu a kan haruffa ne, mun kai kan ɓ da ɗ da ƙ, kuma har yau muna neman waƙar da za ta dace da ƙ.