Rabon aiki a sashen gaggawa: abin da na koya a Makka

Idan aka tambayi shugabannin asibiti a nan Saudiyya ko ana yi wa mata adalci a likitancin gaggawa, abin da suke fara yi shi ne ƙirga kawuna: ga mata kaza cikin masu karɓar horo, ga kaza an ɗauka bana. Ƙirgen ba ƙarya ba ne. Ni da na zo daga Najeriya na kama aiki a wani asibiti a Makka tun kafin 2018, na ga canjin da idona. A da, likita mace za ta tashi aiki ƙarfe sha ɗaya na dare, ta gama ceton rai, sannan ta zauna a bakin ƙofa tana jiran direba ko ƙaninta ya zo ɗaukarta. Tun watan Yunin 2018 da aka ba mata izinin tuƙi wannan ya kau. A 2020 kuma aka cire sassan dokar ƙwadago da suka hana mata aikin dare da ayyuka masu haɗari, ko da yake mu ma'aikatan asibiti dama can muna kwana. Ba na raina ko ɗaya daga ciki. Sai dai tauyewar da ta rage ba ta fitowa a ƙirge, tana cikin rabon aiki na yau da kullum, wanda babu mai rubuta shi.

A ɗakin da ake kai wanda zuciyarsa ta tsaya ko numfashinsa ya gaza, wuri biyu ne ake zama likita. Ɗaya wajen kan gado, inda ake saka bututun numfashi a maƙogwaro. Ɗayan wajen ƙafar gado, inda jagora yake tsayawa yana ganin kowa, yana ba da umarni. Motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar, hukumar agajin gaggawa, za ta sanar cewa tana tafe, saura 'yan mintuna. Babban likita ya waiwayo ya ce, wa zai yi? Kafin ya rufe baki samari biyu sun riga sun zura safar hannu. Ita kuwa macen da ke cikin masu horon tana tsaye, ta karanta, ta iya, amma tana jiran a kira sunanta. Sai a ba ta rubuta lokacin da aka yi kowace allura, ko lalubo jijiya, ko fita ta lallashi dangi. Duk aiki ne mai daraja, amma ba shi ake dubawa ba ranar da za a ce wance ta ƙware. Horon ƙwarewa a wannan fanni shekara huɗu ne a ƙarƙashin hukumar da ke kula da ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, kuma kowane mai horo yana da kundin da yake shigar da ayyukan da ya yi da hannunsa. In aka tafi a haka shekara huɗu, kundinta zai yi sirantaka, hannunta zai yi nauyi, sannan a zauna a ce ba ta da ƙarfin hali. Alhali kuwa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan ba ciwon Makka kaɗai ba ne. A 2017 an buga wani bincike a Amurka kan masu horon likitancin gaggawa 359 a cibiyoyi takwas. A shekarar farko makin da malamai suke ba maza da mata kusan ɗaya ne. Zuwa ƙarshen horo maza sun yi gaba, da tazarar da ta kai ta horon wata uku zuwa huɗu. Da aka bi kalaman da malaman suke rubutawa, sai aka ga mata sun fi samun shawarwari masu karo da juna: wannan ya ce ta cika zaƙewa, wancan ya ce ba ta iya jagoranci ba.

Na ji irin wannan daga bakin wata ƙanwata a wurin aiki, Bahaushiya haifaffiyar Shara Mansur a nan Makka, wadda kakanninta suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Ta same ni a ɗakin shan shayi ta ce, "Anti, in na ɗaga murya a ce ba ni da kunya, in na yi shiru a ce ban iya ba. To yaya zan yi?" Na ce mata, "Ba ihu ake nema ba, ƙanwata. Ki kira sunan mutum, ki faɗi aikin da adadin maganin, ki jira ya maimaita miki, sannan ki wuce na gaba." Haka ake koyar da jagorancin farfaɗo da zuciya a ko'ina, kuma mai sanyin murya ma za ta iya. Kunya da kawaici da aka raine mu da su ba su hana kowa jagoranci. Amma nauyin bai kamata ya tsaya a kanta ba. Babba ne ya kamata ya daina tambayar wa zai yi, ya kira suna bi da bi.

Sai jadawalin aiki, inda zumunci ya fi lalacewa. Sashen gaggawa ba ya rufewa, dole wani ya kwana. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12 tun daga Fabrairun 2025, a da mako 10 ne, sannan akwai awa ɗaya ta shayarwa a rana. Uba kuwa kwana 3 yake samu. Idan mace ta tafi hutu, kwanakinta na dare sai su faɗo kan abokan aiki, kuma ƙorafinsu gaskiya ne, su ma suna da iyali. Kuskuren shugabanni shi ne su mayar da haƙƙi alfarma. Da zarar an ce "a taimaka wa wance", ta zama mai bashi, kuma za ta yi shekaru tana biya da shiru. Haihuwa ba hatsarin mota ba ce, ana sanin zuwanta da watanni. Sashen da ya san aikinsa yakan tanadi mai cike gurbi tun farkon shekara, ya ƙirga kwanan dare na kowa a tsawon shekarar, ya manna a bango kowa ya gani.

Akwai kuma tauyewar da ke zuwa da fuskar tausayi, ita ce ta fi ƙona mini rai. A cire sunan mace daga aikin Mina da Arafa, ko daga kwas ɗin duban ciki da na'ura, wai tana da ƙananan yara, ba tare da an tambaye ta ba. Wataƙila ta riga ta shirya da mijinta da mahaifiyarta. A tambaye ta, in ta ce ba za ta iya bana ba, wannan nata ne.

Dalilin da ya sa na damu da wannan batu har haka shi ne marasa lafiya. A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomi sun sanar da rasuwar mutum 1,301. Wanda zafi ya buge, jikinsa ya haura digiri 40 ya fara sambatu, maganinsa na farko shi ne a cire tufafi a sanyaya jiki nan take da ruwa da ƙanƙara. Shari'a ta yarda namiji ya yi wa mace wannan a halin larura, amma na sha ganin ɗa ya kankame mayafin mahaifiyarsa yana gardama, mintuna suna tafiya. In mace ce ta matso, musamman in ta ce masa da Hausa, "Malam, saki, ni ce zan duba ta," sai ya ja da baya.

Haka batun zuciya. Wata dattijuwa daga Damagaram ta yi ta ce wa tafinta ƙwannafi ne kawai da gajiya. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, nuna mini inda yake miki." Ta kama hannuna ta ɗora a ƙarƙashin nononta na hagu, ta ja shi zuwa muƙamuƙi, ta ce, "'Yata, tun asuba kamar an ɗora mini dutse." Gumi ya jiƙe ta. Awon bugun zuciya, wanda ƙa'ida ta ce a yi shi cikin minti 10 da isowar mai irin wannan ciwo, ya nuna jijiya ta toshe. Mata sun fi maza zuwa da tashin zuciya, haki ko kasala, shi ya sa ake yawan makara a kansu. Wani bincike na 2018 kan masu ciwon toshewar jijiyar zuciya sama da dubu 580 a jihar Florida ta Amurka ya gano cewa mata sun fi rasuwa a hannun likitoci maza, kuma tazarar tana raguwa idan likitan yana aiki tare da mata da yawa. Wannan ɓangare na biyu shi na fi riƙewa: zama tare yana gyara hannun kowa.

Masu cewa wannan aiki ba na mace ba ne, a ƙasar nan ma tarihi bai goyi bayansu ba. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Khandak.

Yanzu da rabon aiki ya dawo hannuna, akwai takarda a jikin ƙofar ɗakin farfaɗowa mai sunayen masu horo duka. Kafin motar asibiti ta iso na riga na faɗi wanda zai tsaya wajen kai da wanda zai tsaya wajen ƙafa. Ƙarshen kowane wata ina karɓar kundinsu in duba wanda aka bari a baya, namiji ne ko mace, in sa shi gaba a wata mai kamawa.