Yadda na fasa wa ɗalibaina tukwane ana saura kwana tara baje koli

Wallahi har yau in na tuna ƙarar nan gabana faɗuwa yake yi. Ko awa biyu ba a yi da kunna gas ba sai na ji ɗum a cikin tanderu, ni kuma ina gefe ina shan shayi wai ni gwani.

Ginin tukwane nake koyarwa a nan Kaduna, kuma ajin bana sun yi ƙoƙari ba laifi, kwaɓa yumɓu da gini da zane duk ba su ba ni ciwon kai ba. Ni ne na kwafsa. Da lissafin hunturu na yi wa tukwanen, lokacin da kwana huɗu biyar sun bushe ƙamas har sai ka rufe su da leda don kar su tsage, na manta a Agusta muke, Kaduna kuwa a Agusta ko wanki ka shanya sai ya kwana biyu yana warin danshi balle randa mai kaurin gindi.

Randar wata yarinya ce ta fara tarwatsewa, sati uku tana gininta tana zana mata ƙadangare da kifi irin na Ladi Kwali, wai tun da ta gane matar da ke bayan naira 20 maginiya ce ta ɗaura niyya. Daga waje ta bushe, cikin gindin kuwa da sauran ruwa, shi kuma ruwa da ya kai digiri 100 tururi yake zama, in bai samu hanya ba sai ya yi wa kansa. Ba ita kaɗai ta tafi ba, ta kwashi kofuna da kasake shida na kusa da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai, ni da bakina na koya musu a kara tukunya a kumatu, in an ji sanyi to ba ta bushe ba. Ranar ban kara ko ɗaya ba saboda sauri. Matan Gbagyi da ke gashi a fili da itace ma sai sun ɗumama tukwane a kan garwashi tukuna, ni mai tanderun zamani na tsallake.

Yanzu da damina sati biyu nake ba manyan kaya, in kife su gindi ya sha iska, sannan in bar wuta ƙasa-ƙasa ƙofa a ɗan buɗe tsawon dare kafin in ƙara. Kuma ban sake zuba aikin aji gaba ɗaya a gashi guda ba.

Da na buɗe tanderun washegari yarinyar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta tsinci tsingaron da kan ƙadangaren yake ta ce "Malam ba komai", ta sa a jaka. Ƙaramin tulu ta sake ginawa a gurguje, shi aka kai baje kolin, har wani ya saya. Tsingaron nan kuwa har yau a kan teburinta take ajiye shi in ta zo aji, daidai inda zan gani.