Godiya bayan baje kolin zanen koguna a Agege

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, baje kolin zanen fentin ruwa da muka yi a Agege ya tashi lafiya. Muna godiya ga iyayenmu dattawan unguwa da suka sa albarka, da Alhajin da ya ara mana zaurensa, da samarin da suka kwashe zanen cikin hanzari lokacin da ruwa ya tsuge ranar Asabar. Ko ɗaya bai jiƙe ba. Ɗigo guda ya isa ya ɓata wannan aiki, domin ƙaro ne ke riƙe launin a jikin takarda, irin ƙaron da ake tsinta a Yobe da Borno, kuma da ya ji ruwa sai ya saki.

Jinjina ga masu zanen da suka bi kogi da allo a jaka, tun daga gadar Jebba zuwa Lakwaja inda Neja da Binuwai suka haɗu, sannan suka zo Makoko da ke bakin lagun, wato tafkin Legas. Masu kwale-kwalen da suka tsaya da su a tsakiyar ruwa, Allah ya saka muku da alheri.

Ɗaliban da suka tambayi dalilin da takardarsu ke kumbura: sirara ce. Ku nemi ta auduga mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ku manne gefunanta huɗu a kan katako. A fara da sama da fuskar kogi, da launi mai ruwa-ruwa, kwale-kwale da inuwar bishiya su zo ƙarshe. Ƙyallin ruwa kuwa farin takardar ne da kanta, wanda ya shafe shi ya rasa shi. A arewa hunturu kan busar da shafin fenti na farko kafin a ɗora burushi na biyu, amma a danshin Legas sai an yi haƙuri, in ba haka ba launuka su cakuɗe su koma kamar taɓo. Kada a ɗebi ruwan lagun a dama fenti, gishirinsa na barin dabbare-dabbare.

Ku da kuka saya, mun gode. A sa kwali tsakanin zanen da gilashi, a rataye shi inda rana ba ta dukansa, nesa da bango mai laima, don fumfuna ba ta da wuyar kama takarda a garin nan.