Gwangwanin da ban iya karantawa ba

A ƙarshen watan nan zan bar wurin wankin motocin da na yi shekara 6 a cikinsa, a bakin hanyar da ta fita daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Yaran da zan bari sun roƙe ni in rubuta musu abin da na sani game da shafa wa mota kaki, sai na ga babu yadda zan yi bayanin ba tare da labarin baƙar Prado ta wani Alhaji ba, domin a jikinta na koyi mafi yawan sana'ar, kuma daga albashina aka cire kuɗin karatun.

A wurinmu duk abin da ya zo a gwangwani ana shafa wa mota, folish ake ce masa, alhali abubuwa biyu ne da aikinsu ya sha bamban. Akwai mai ɗauke da ƙwayoyi masu kaifi kamar yashi mai laushi, wanda yake cin saman fenti kaɗan domin ya share ƙarce da dusashewa, akwai kuma kaki na gaskiya, wanda ba ya cin komai, sai dai ya kwanta a kan fenti ya hana ruwa da datti kamawa. Fentin motocin zamani yana da wani rufi marar launi a samansa, shi ne mai ba da ƙyalli, kuma kaurinsa bai wuce kusan rabin na takardar rubutu ba. Abin da aka ci daga jikinsa ya tafi ke nan.

A watan Afrilu na shekarata ta uku Alhajin ya kawo motar da hantsi, ya ce yana son ta bayan la'asar saboda washegari za a ɗaura auren ɗiyarsa. Maigida ya miƙo mini wani gwangwani da ya sayo a Katsina, rubutun jikinsa duk Ingilishi, ni kuwa ɗan karatun da na yi na Faransanci ne. Rumfa ta cika da motoci, Prado tana tsaye a rana tun ƙarfe 11, har ba a iya ɗora tafin hannu a kan kapo, wato murfin injin. Na ce, "Maigida, a bari rana ta karya, ko a fitar da mota ɗaya daga rumfa." Ya ce, "Kai yaro, ni za ka koya wa aiki? Shafa kawai." Na shafa, da kauri kuma, domin a lokacin ina ganin yawan abin shi ne kyansa. Kafin in kai tsakiyar kapo ya bushe ya kama kamar siminti, sai na ɗauko wani tsohon tawul da ya sha ƙurar ranar, na dinga dirzawa da iyakar ƙarfina, gumi yana zuba mini a ido. Da na gama na ja da baya na duba, sai na ga fentin ya cika da zagayayyun ƙarce kamar saƙar gizo-gizo, a bakin kapo kuma, inda rufin ya fi siranta, wani wuri mai faɗin tafin hannu ya mutu, ba ya ƙyalli ko kaɗan. Ashe gwangwanin mai ci ne, kuma irin mafi kaushi wanda masu fenti suke amfani da shi.

Alhajin bai ɗaga murya ba. Ya zagaya motar sau biyu, ya sunkuya ya shafa wurin da yatsa. Kafin ya buɗe baki Maigida ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yaron ne ya ɗauki abin da ba a ba shi ba." Na yi shiru, saboda ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. An dinga yanke mini jika 10 duk wata har wata 4 domin sake fentin kapo. Ina da nawa laifin, tun da ban tambayi kowa abin da aka rubuta ba, ban kuma gwada a wani ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin ƙofa ba. Amma daga ranar zuwa yau mutumin da ya sa gwangwanin a hannuna bai taɓa kirana gefe ya ce shi ma ya yi kuskure ba.

Bayan haka ban sake buɗe gwangwanin da ban san abin da ke cikinsa ba. Wani malamin Ingilishi na unguwarmu shi yake karanta mini. Ta haka na san cewa kakin da ake kira karnauba daga ganyen wani icce dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Birazil, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, kuma babu kamarsa wajen fito da zurfin baƙin fenti ko ja. Sai dai a garin da zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 a inuwa, da wuya ya kai wata 2. Wanda aka haɗa da sinadarai ƙyallinsa bai kai na karnauba daɗin ido ba, amma yakan yi wata 4 zuwa 6. Saboda haka motar biki ko ta hawan salla nake ba karnauba, direban da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Damagaram kuwa na sinadarai nake shafa masa, sau ɗaya a ƙarshen Mayu kafin ruwa ya sauka, sau ɗaya kuma a Nuwamba kafin ƙurar hunturu.

Shafawar kanta ba ta da wuya idan an bi ta a hankali. A wanke motar sarai, a bar ta ta bushe ta huce a inuwa, a shafa siriri da soso mai laushi ɓangare bayan ɓangare, idan ya yi fari-fari a ja yatsa a kai, in wurin ya fita tsaf sai a goge da tawul mai laushi da aka keɓe don wannan aikin kaɗai. Mai son sanin ko kakin yana nan ya watsa ruwa a kapo: idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, yana nan, idan ya kwanta ya bazu, ya ƙare. Ruwan farkon damina yana zuwa da ƙura, kuma ƙwayoyin nan idan suka bushe a rana sukan bar tabo, don haka a tsane motar da zarar an ɗauke ruwa.

Omo yana wanke kaki da wuri. Ba a goge ƙurar hunturu a bushe. Kaki ba ya zuwa gilashin gaba, domin yana sa shi hazo da dare idan ana ruwa, a kan baƙar roba kuma farin tabo yake bari. Kashin tsuntsu daga ƙarƙashin bedi a cire shi ranar da ya zuba.

Alhajin ya dawo bayan wata 8, kuma tun daga lokacin ba ya yarda kowa ya taɓa motarsa sai ni. Shi ne ma ya fara tambayata inda zan buɗe nawa wurin. Gwangwanin nan yana nan a kan kanta, rabinsa bai ƙare ba. Na rubuta "mai ci" a murfinsa da jan fenti, kuma shekara 3 ke nan Maigida yana wucewa ta gabansa bai tambayi wanda ya rubuta ba.