Abin da nake ɗauka zuwa wajen wasa, da abin da nake bari a gida

Ranar Alhamis da ta gabata wani yaro da nake koya wa kiɗa ya same ni a zauren gidanmu ina ɗaure kaya domin wata dinar biki da za mu yi wasa a wajenta, ya tsaya yana ƙirga jakunkuna da ido, sannan ya ce, "Maigida, ina sauran gangunan?" Na gane abin da yake nufi, domin a ɗakin da muke gwaji ya saba ganin saitin a cike, da ganguna shida da faya-fayan ƙarfe biyar, ga shi kuma yanzu yana ganin kayan da ba su kai rabin haka ba. Na ba shi gajeriyar amsa saboda mai adaidaita sahu yana jira a ƙofar gida, amma tambayar ta zauna mini a rai, shi ya sa na ga ya dace in rubuta doguwar amsar a nan, ko za ta amfani wasu masu sha'awar gangunan Turawa a garin nan.

Saitin da aka saba gani a ko'ina ganguna biyar ne. Akwai babbar ganga da ake bugawa da ƙafa, wadda yawanci faɗinta inci 22 ne, akwai siniya mai inci 14 wadda aka shimfiɗa wa siraran wayoyi a ƙarƙashinta, sai ƙananan ganguna guda biyu da ake kira tom, da ake ɗorawa a kan babbar, da tom na ƙasa mai tsayawa da ƙafafunsa. A gefe kuma ake jera faya-fayan ƙarfen da makaɗa ke kira simbal. Wannan shi ne abin da ake nunawa a shago da a hoto. Amma wanda ya taɓa loda kaya a adaidaita sahu daga Gwammaja zuwa Nasarawa da yammacin Juma'a, ga mai jita a gefe ɗaya rungume da lasifikarsa, ya san cewa hoto daban ne, titin Kano kuma daban. Babbar ganga mai inci 22 idan ta shiga bayan adaidaita ta cinye wurin mutum biyu, dole a ɗauki shata ta biyu, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin shata biyu zuwa da dawowa yana iya lashe kaso mai tsoka na abin da makaɗi zai samu a daren. Saboda haka na sayar da tawa na sayi mai inci 18, wadda nake iya rungumarta da hannu ɗaya. Gaskiya ne ba ta da zurfin murya irin na babbar, amma a duk zauren da muke wasa ana sa mata makirufo, kuma mai haɗa sauti da ya san aikinsa yana iya cike mata abin da ta rasa.

Tom guda biyu kawai nake fita da su, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, wani lokaci ma na ƙasan kaɗai. Dalilin haka ba nauyi kaɗai ba ne. A ƙungiyarmu akwai mai kalangu, dattijo ne da ya girme mu duka, kuma shi ne ainihin mai magana a cikin kiɗan, domin shi yake kiran sunan amarya da kirarin dangin ango da bakin kalangunsa. Muryar tom tana zama a daidai inda muryar kalangu take, don haka duk lokacin da na cika zagayawa a kansu sai in tsinci kaina ina katse masa zance. Wata rana bayan mun tashi ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, idan babba yana magana, yaro yakan rage tasa." Tun daga ranar na cire tom ɗaya daga cikin kayan fita, kuma ban taɓa jin kewarsa ba.

Inda nake son in daɗe shi ne batun simbal, domin a nan ne kuɗin makaɗi da mutuncinsa suke. Ganga ko ta banza ce, idan aka sauya mata fata aka ɗaure ta da kyau, za ta yi murya mai daɗin ji. Simbal ba ya ɗauruwa kuma ba ya gyaruwa, yadda ya fito daga hannun maƙerinsa haka zai yi ta kuka har ya tsage. Masu kyan ana yin su ne da haɗin jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20, wanda masu sana'ar ke kira B20, kuma kuzan nan shi ne irin wanda aka daɗe ana haƙowa a Jos. Akwai wani haɗin mai kuza kashi 8 da ake kira B8, wanda muryarsa ta fi kaifi, kuma ana samun masu kyau ƙwarai a cikinsa. A can ƙasa kuma akwai waɗanda ake yi da jan ƙarfe da tutiya, su ne suke zuwa kyauta tare da saiti mai araha, kuma duk wanda ya taɓa jin murfin tukunya ya faɗo a kan siminti ya riga ya san muryarsu. Sunan da ya fi kowanne tsufa a wannan sana'a shi ne Zildjian, gidan wani Ba'armeniye mai suna Avedis da ya kafa shi a Istambul a 1623, kafin zuriyarsa su kafa masana'anta a Amurka a 1929. Daga cikin gidan ne wani ɗansu, Robert, ya ɓalle ya kafa Sabian a Kanada a 1981. Akwai kuma Paiste na Suwizalan da Meinl na Jamus. Ba na ambaton waɗannan sunaye don alfahari, domin ni kaina guda ɗaya tak nake da shi mai tambarin Zildjian, kuma na hannu ne na saya a wajen wani makaɗin coci a Sabon Gari da zai koma garinsu.

Simbal guda uku nake fita da su. Na farko shi ne hai-hat, wato tagwayen faya-fayan nan masu inci 14 da ake buɗewa da rufewa da ƙafar hagu, kuma a ganina shi ne zuciyar saitin gaba ɗaya, domin a kansa hannun dama yake kwana. Marigayi Tony Allen, makaɗin Fela, wanda aka haifa a Legas a 1940 ya kuma rasu a Faris a 2020, ya shahara ne da yadda yake sarrafa wannan abu da tattausan hannu, kuma duk wanda ya saurare shi da kunnen basira zai gane cewa ba yawan kaya ke cika kiɗa ba. Na biyu shi ne mai inci 16 da ake dokawa a ƙarshen baiti ko lokacin da amarya ta shigo, sirirtacce, mai buɗe baki da wuri ya kuma yi shiru da wuri. Na uku shi ne babban mai inci 20, wanda ake riƙe tafiyar kiɗa a kansa idan waƙa ta yi zafi. Na fi son sirara a kan masu kauri saboda yanayin zaurukan bikinmu, inda ƙasa tayil ce, bango siminti ne, sama kuma silin ne mai sheƙi, babu abin da zai shanye ƙara. Simbal mai kauri a irin wannan wuri yana yanka kunne, sai ka ga iyaye mata da ke teburin gaba suna yamutsa fuska suna ja da kujerunsu baya, kuma idan uwar amarya ta yamutsa fuska to ba za a sake kiran ku a wannan dangi ba.

Ko da an ce mini akwai saiti a wurin, kamar yadda ake samu a wasu otal-otal da coci-coci da wajen masu ba da hayar kayan sauti, abubuwa uku ba na barin su a gida, wato jakar simbal, da siniyata, da fedar ƙafa. Wannan al'ada ce ta makaɗa a duk duniya, kuma dalilinta a fili yake. Gangunan haya ana iya lallaɓa su cikin minti goma su yi abin da ake so, amma feda kamar takalmi ce, ƙafarka ta san tsaurin sifirin ɗinta, kuma idan ka hau ta wani sai ka yi rabin dare kana neman kanka. Siniya kuwa ita ce ake dukanta fiye da kowace ganga, ita ce kuma muryar da mutane ke gane makaɗi da ita.

Na koyi kula da simbal ne ta hanya mai ciwo. Shekarun baya an kira mu wasa a wani wuri da ba zan ambaci sunansa ba, aka ce kada in wahalar da kaina da ɗauko ƙarafunan tsayawa domin suna da nasu. Na isa a makare, ana ta kiran mu, na ɗora faifaina mai inci 16 a kan ƙarfensu ba tare da na duba ba. Ashe babu robar da ake sakawa a wuyan ƙarfen, babu kuma soson da simbal ke zama a kansa, ƙarfe ne yake cin ƙarfe har tsawon awa uku. Da muka tashi na ɗaga shi a hasken fitila sai na ga ramin tsakiyar ya fara zama kamar ramin makulli, ga kuma wata siririyar tsaga ta fito daga gefensa kamar gashi. Jahilci ya sa washegari na kai shi wajen mai walda, shi kuma bawan Allah ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma zafin wuta ya kashe ƙarfen, na dawo da abin da idan aka doke shi sai ya ce "kwaf" ya yi shiru. Daga baya ne wani tsohon makaɗin ƙungiyar badujala ya nuna mini cewa idan tsaga ta fito, ƙaramin rami ake hudawa a daidai inda ta tsaya don kada ta ci gaba, ko kuma a yanke wurin a goge bakinsa idan a gefe take. Yanzu a aljihun jakata akwai gwangwanin madara cike da soso da gutsattsarin tiyon roba da na yanka da kaina, kuma ba na ɗora simbal a kan ƙarfen kowa sai na shafa wuyansa da yatsa.

Yanayin Kano ma yana da tasa magana a cikin zaɓen kaya. Fatun gangunan nan na roba ne tun bayan da kamfanin Remo ya fara yaɗa irinsu a 1957, shi ya sa laimar damina da bushewar hunturu ba sa juya su kamar yadda suke juya fatar akuya. Na sha ganin dattijonmu yana fama da kalangunsa a watan Agusta saboda fata ta saki, ni kuwa ina zaune ban taɓa makullina ba. Amma nawa ciwon yana zuwa a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, domin idan wasan na fili ne kuma rana ta daki robar kai tsaye, sai ta yi laushi muryar ta sauka, simbal kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. A irin wannan rana nakan rufe kayan da tsohon zanin gado har sai an ce a fara. Hunturu kuwa ƙurarsa tana shiga gaɓoɓin feda ta sa ta riƙa kuka, kukan da makirufo yake ɗauka ya watsa wa jama'a, don haka ɗan man keken ɗinki da tsumma ba sa rabuwa da ni daga Disamba zuwa Fabrairu.

Sai kuma darduma, wadda yaron nan ya yi dariya da ya ga ina naɗe ta tare da kayan. Babbar ganga tana da ƙafafu biyu masu tsini da aka yi su don su kama ƙasa, amma a kan tayil ba su da abin kamawa, kuma duk bugun da ka yi sai ta matsa gaba kaɗan. Na taɓa yin wasa ina bin gangata da ƙafa kamar mai korar akuya, har sai da mai jitarmu ya zo ya sa ƙafarsa ya tare ta yana kiɗa a tsaye a gabana. Tun daga nan wata tsohuwar darduma mai kauri da mahaifiyata ta daina amfani da ita ta zama cikin kayan aikina, na kuma yi mata alama da fenti a inda kowace ƙafar ƙarfe ke zama, ta yadda nake gama jera kaya kafin mai haɗa sauti ya gama warware wayoyinsa. Sanduna kuwa nau'in 5A, masu matsakaicin kauri, nake riƙewa, biyu-biyu har kashi uku, da wasu sirara na musamman don lokacin cin abinci, sa'ad da ake son kiɗa a ƙasa-ƙasa mutane su ji hirar junansu. Makullin ɗaure ganga guda biyu ne, ɗaya a jaka, ɗaya a jikin makullin gidana, saboda ƙaramin abu ne mai saurin ɓata, kuma ba a samun sa a shagon unguwa da ƙarfe tara na dare.

Akwai masu ba ni shawarar in koma gangar lantarki, su ce ta fi sauƙin ɗauka kuma ana iya rage mata ƙara, kuma ban ce ba su da hujja ba, musamman ga mai aikin situdiyo. Abin da ya hana ni shi ne wuta. Sau da yawa ana tsakiyar rawa janareta yakan tsaya, fiyano ya mutu, jita ta mutu, mawaƙi ya tsaya da makirufo a hannu yana waige-waige, kuma a wannan ɗan lokacin da ake gudun tayar da injin, ni da mai kalangu ne kaɗai muka rage a cikin duhu muna riƙe da 'yan rawa don kada fili ya watse. A dinar ta ranar Alhamis ma haka aka yi, har sau biyu. Yaron ya biyo ni yana riƙe mini jakar simbal, kuma a karo na biyu na ji shi a bayana yana haska mini hai-hat da fitilar wayarsa. Da muka dawo gida ya taya ni shigar da kaya, sai ya tambaye ni ko mahaifiyata tana da wata dardumar da ba ta so.