Shekarar da aka raba mana ragamar makaranta

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta gwamnati, inda komai yake ƙarewa a teburin shugaban makaranta, tun daga jadawalin darussa har sayen alli. Da aka kawo mana sabon shugaba, sai ya damƙa wa shugabannin sassa tsara jadawali, ya bar wa kwamitin malamai shirya 'yan ajin ƙarshe domin jarrabawar WAEC da NECO, shi kuwa ya riƙe sa ido da hulɗa da iyaye.

A wurin malamai na fara ganin sauyi, domin wanda aka nemi shawararsa kafin a yanke hukunci ba ya son abin ya lalace a hannunsa. Makara ta ragu, kuma mu da kanmu muka gano cewa yaranmu sun fi faɗuwa a tambayoyin da suke buƙatar karatu da fahimta, muka haɗa kai da malaman Turanci a kan haka. Tarurrukan malamai sun yi yawa, ban musa ba, wani lokaci har bayan la'asar. Amma ɗaliban da suke ɓuya a bayan aji sun fara ɗaga hannu tun kafin ƙarshen zango na biyu.